Yadda ake ɗaura murfin faiba mai cirewa a jirgin sama ƙirar gida

Duk wanda ya haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa ya san akwai lokacin da aikin ƙarfe yake ƙarewa, a koma kan faiba, wato ƙyallen gilashi da aka jiƙa da gam ya taurare. Fiffike ya hau, wutsiya ta zauna, ƙafafu sun tsaya, sai ya rage a rufe mahaɗai: gindin fiffike, inda wutsiya ta haɗu da gangar jirgi, sandunan ƙafafu, da rigunan tayoyi. Waɗannan murafan ba sa ɗaukar nauyin jirgi. Aikinsu su sa iska ta wuce sumul ba tare da ta yi karo da kusurwa ba. Amma a ƙarƙashinsu ne muhimman abubuwa suke: kusoshin da ke riƙe wutsiya, birki, bututun mai, wayoyi. Don haka dole a riƙa cire su ana dubawa, aƙalla sau ɗaya a shekara, rigar taya kuwa sau da yawa fiye da haka.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: sukuru riƙewa yake yi, ba ya gyara zama. Murfin da bai kwanta da kansa a jikin jirgi ba, idan ka matse shi da sukuru zai kwanta yau, amma faiba ba ta mantuwa. Za ta yi ta ja, girgizar inji tana taya ta, har wata rana ka ga tsaga ta fito daga bakin rami kamar saƙar gizo. Mafi yawan wahalar wannan aiki ana shan ta ne kafin a huda rami ko ɗaya.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Juya murfin ka duba. Idan wajensa fari ne ko toka-toka mai santsi kamar kwano, an yi masa jelkot, wato shafen da ke rufe saƙar ƙyallen, kuma sau da yawa irin wannan da gam ɗin foliyesta aka zuba shi. Idan kana hango saƙar ƙyallen ta cikinsa, launinsa ruwan zuma ko kore-kore, galibi da gam ɗin ifoksi aka zuba shi. Amfanin sanin wannan ɗaya ne: ifoksi yana kama foliyestan da ya bushe idan an goge shi da kyau, amma foliyesta ba ya kama ifoksi yadda ya kamata. Saboda haka duk ƙarin da za ka yi, yi shi da ifoksi, ka huta da tunani. Idan ifoksin West System 105 da mai busarwarsa 205 kake amfani da su, awon kashi biyar ne na gam da kashi ɗaya na mai busarwa. Kada ka ƙara mai busarwa don ya yi saurin kamawa. Ba ya yin sauri, lalacewa yake yi. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin cikin minti goma ko makamancin haka yake fara ɗumi a cikin kofi.

Sa safar hannu da takunkumi. Ƙurar faiba tana cin fata da huhu, shi kuma ifoksi idan jiki ya fara ƙinsa, ƙaiƙayin ba ya barin mutum.

Wani abu da ake mantawa: idan murfin na zaren kabon ne, baƙin nan, kada ya taɓa alminiyam kai tsaye. Idan danshi ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne zai ci tsatsa. Ana shimfiɗa ƙyallen gilashi fale ɗaya a cikinsa ya raba su.

Zaman murfi

Liƙa tef ɗin takarda a jikin jirgi, zagaye da inda murfin zai zauna, don kada bakin faiba ya karce shi. Ɗora murfin, ka riƙe shi da tef kawai. Ja baya ka kalle shi daga gaba, daga gefe, daga sama. Sa alama a inda ya yi yawa, ka cire, ka rage. Bari ragewar ta zama kaɗan-kaɗan. Abin da ka yanke ba ya dawowa sai da wahala. Ni nakan yanke nesa da layi da ƙaramin faifan yanka, sauran milimita biyu ko uku in cinye su da samfefa da aka manna a doguwar katako, domin doguwar katako ce take ba da miƙaƙƙen baki. Za ka ɗora ka cire sau goma, sau ashirin. Haka aikin yake.

Bayan ka rage, za ka tarar wasu wurare sun kwanta, wasu sun ɗaga. Idan ɗagawar kaɗan ce kuma baki ne ya lanƙwashe, iska mai zafi daga na'urar busar gashi ko bindigar zafi tana tausasa faiba, ka danna ta da hannu mai safa har ta huce. Kada ka tsaya wuri ɗaya da zafin, kada kuma ka yi a kusa da tankin mai.

Idan giɓin ya wuce haka, sai a sa jirgin kansa ya zama mazubi. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani a aikin nan. Rufe jikin jirgi da salatif mai sheƙi, irin na ɗaure kwali, ka tabbata babu inda ya buɗe, sannan ka shafa masa kaki. Ifoksi ba ya kama shi. Goge cikin bakin murfin da samfefa mai lamba 80 har sheƙin ya tafi gaba ɗaya, ka share ƙurar. Shafa ɗanyen ifoksi siriri, sannan ka kwaɓa wani da garin auduga, wanda masu sana'ar ke kira filoks, har ya yi kauri yadda ba zai zuba daga cokali ba. Shimfiɗa shi a bakin murfin, ka ɗora murfin a mazauninsa, ka danna a hankali har kwaɓin ya fara tsattsafowa. Riƙe shi da tef ko kiliko (ɗan ƙarfen riƙo na wucin gadi da ake zurawa a rami) biyu-uku, ba matsewa ba. Bar shi ya kwana. Washegari ka zura siririyar roba a ƙarƙashin baki, za ka ji ya ɓalle, kuma cikinsa ya ɗauki siffar jirgin daidai wa daida.

A nan ne mutane ke rikita filoks da maikuro. Maikuro farin gari ne na ƙananan ƙwallayen gilashi, mara nauyi, mai daɗin gogewa. Na cike ramuka da gyara fuska ne kawai. Ba shi da ƙarfi. Duk inda sukuru zai ratsa ko baki zai sha bugu, filoks ake sawa.

Ka tuna fenti yana da kauri. Idan ba a yi wa jirgin fenti ba tukuna, ninka salatif ɗin sau biyu don ya bar masa wuri.

Kaurin baki

Auna kaurin faibar a inda sukurori za su zauna. Sau da yawa murfi yana zuwa da baki siriri, bai fi milimita ɗaya ba. Kan sukuru mai nitsewa na lamba 6 shi kaɗai tsayinsa ya kai milimita ɗaya da rabi. Ka ga ke nan idan ka rarake masa gurbi a irin wannan baki, ka cinye naman gaba ɗaya, abin da ya rage kaifi ne kamar wuƙa, ba abin da zai riƙe. Ƙara ƙyalle ta ciki. Ƙyallen gilashi na oza tara, irin 7781, kowane fale yana ba da kimanin kwatan milimita. Fale uku ko huɗu a tsiri mai faɗin inci ɗaya da rabi suna kai baki kusa da milimita biyu. Yanka tsirin a karkace, kusurwa 45, don ya bi lanƙwasa ba tare da ya tattare ba. Ɗora ƙyallen ɓarewa a kai kafin ya bushe. Idan ka ɓare shi daga baya zai bar fuska mai kyau wadda ba sai ka sha gugar samfefa ba.

Zaɓen abin ɗaurewa

Ga murfin da ake cirewa lokaci-lokaci, babu kamar sukuru da noti mai kunne. Noti mai kunne ƙaramin noti ne da ke da kunnuwa biyu, ana kafe shi da ribit (ƙusar da ake baje bakinta ta riƙe) a bayan fatar jirgi, ya zauna can har abada, kai kuma daga waje kawai kake ɗaure sukuru. Noti K1000-06 na sukuru lamba 6 ne, K1000-08 na lamba 8. Akwai mai kunne ɗaya da na kusurwa don matsattsun wurare. Lamba 6 ya isa murfin wutsiya da na gindin fiffike. Rigar taya, wadda ke shan jijjiga a ƙasa, na fi son lamba 8 a kanta, kuma kan sukurunsa bai cika lalacewa a bakin sukundireba ba.

Akwai notin da ake matsawa cikin rami kamar ribit daga waje. Yana da sauƙin sawa, shi ya sa yake jan hankali, amma ranar da ya kwance ya fara juyawa tare da sukurun, ba ka da hanyar kama shi ta baya. Ban yarda da shi ba sai inda hannu ba ya kai wa ko ta yaya. Sukurun kwano mai cin ramin kansa kuwa, bayan cirewa biyar ramin ya buɗe. Maɓallan kwata-juyi irin su Camloc, Skybolt da Dzus suna da kyau ga murfin inji da ƙofar duba mai, inda ake buɗewa kullum, sai dai sun fi nauyi da girma. Dogon hinji mai zare waya, MS20257 ko mai ƙarfinsa MS20001, yana ɓoye ɗauri gaba ɗaya, kuma ya dace da miƙaƙƙen layi kamar bayan murfin sandar ƙafa. Abin kula kawai shi ne a kulle bakin wayar don kada girgiza ta zare ta.

Huda

Kafin ka sa alamar rami, leƙa bayan fatar. Me ke wurin? Tankin mai, bututun birki, igiyar sarrafa wutsiya, ko babban ƙashin fiffike? Ba a huda ƙashin da ke ɗauke da nauyi sai inda zanen jirgin ya nuna. Idan kana shakka, tambayi wanda ya zana jirgin. Littafin AC 43.13-1B na hukumar FAA ta Amurka shi ma yana da bayanin ƙa'idar ramuka da ribit, kuma yawancin masu ƙira suna ajiye shi kusa.

A ƙarfe, tsakiyar rami tana nesa da baki ninki biyu na kaurin sukuru. Faiba ta fi son ninki biyu da rabi zuwa uku. Sukuru lamba 6 kaurinsa milimita 3.5 ne, don haka ka ba shi kimanin milimita 10, wato 3/8 na inci. Tazara tsakanin sukurori inci uku zuwa huɗu ta wadatar a murfin da ya zauna da kyau. Ka matso da su a bakin gaba, inda iska za ta nemi shiga ƙarƙashi ta ɗaga shi, kuma kowace kusurwa ta sami nata.

Idan babu rami a jirgin tukuna, abin da sauƙi: ɗora murfi, ka huda su tare da ƙaramin bakin huda lamba 40, ka sa kiliko mai launin azurfa nan take. Fara daga tsakiya kana tafiya gefe-gefe, rami ɗaya kiliko ɗaya. Idan ka fara daga ƙarshe biyu, tsakiya za ta kumbura. Sa zoben tsayarwa a bakin hudar don kada ta zarce ciki.

Wahalar tana zuwa ne idan ramin yana jikin jirgi, murfin kuma ya rufe shi. Faibar da ba ta da fenti ko jelkot tana nuna haske: sa tocila ta ciki, za ka ga ɗigon haske ta waje. Idan jelkot ya hana, goge shi a wurin. Idan hannu ba ya shiga, ga dabarar da nake yi: kafin in ɗora murfin, sai in ja layi biyu a kan tef daga tsakiyar ramin zuwa waje, kowanne da nasa ɓangaren, su yi tsawon da murfin ba zai rufe su ba. In na ɗora murfin, sai in sa rula in mayar da layukan a kansa. Inda suka gicciye, nan ramin yake. Ana kuma sayar da ɗan ƙarfe mai baki biyu na neman rami, ɗaya ya shiga ƙarƙashi ya faɗa ramin, ɗaya ya nuna maka wurin ta sama.

Sai kowane rami ya sami kiliko, ka gamsu da zaman, sannan ka buɗe su zuwa girmansu: lamba 27 ga sukuru lamba 6, lamba 19 ga lamba 8. Faiba tana dakushe bakin huda da wuri, don haka ware mata nata, kuma kada ka danna da ƙarfi lokacin fita, zai tsaga zaren baya.

Kafa noti mai kunne

Ɗaura notin a wajen fatar da gajeren sukuru ya zama maka ma'auni, huda kunne ɗaya da lamba 40, sa kiliko, huda na biyu. Goge kaifin ramukan. Kan ribit ɗin dole ya nitse, tunda murfi zai kwanta a kansa. Fatar alminiyam siririya, kamar 0.025 na inci, ba ta ɗaukar rarakewar kan ribit AN426AD3. Ko dai ka lotsa ramin da kunnen notin duka, ko ka yi amfani da ribit NAS1097 mai ƙaramin kai, wanda juyi kaɗan da hannu ya isa ya yi masa gurbi.

Idan a jikin faiba notin zai zauna, kamar inda rabin rigar taya na gaba ya hau kan na baya, to a bi a hankali. Bindigar ribit tana farfasa faiba. Matse shi da matsi na hannu, kuma ka nemi ribit mai taushi, AN426A3. Na taɓa kafa notoci takwas a bakin da ban ƙara wa kauri ba, da ribit mai tauri. Kafin shekara ta zagayo uku sun fara motsi, kan ribit ɗin ya nitse cikin faiba ya bar farin gari kewaye da shi. Sai da na cire su duka, na ƙara fale uku, na manna siririn tsirin alminiyam a baya da filoks, na sake kafawa ta cikinsa. Tun ranar ba su ƙara motsi ba.

Sabon noti mai kunne yana da tauri, domin an ɗan matse bakinsa da gangan. Wannan matsin shi ne makullinsa. Kada ka bi shi da abin yanka zare har ƙarshe, ka kashe makullin ke nan. Shafa wa sukurun kakin zuma ko man santsi irin Boelube, ka shigar ka fitar sau ɗaya. Sukurun da ba ya tsatsa ya fi kowanne saurin cijewa idan ya shiga a bushe. Tsayinsa ya zama zare biyu sun leƙo bayan notin, kada ya wuce haka sosai har ya taɓa abin da ke ciki.

Kare bakin rami

Rami a faiba yana cinyewa duk lokacin da sukuru ya juya a kansa. Idan sukuru mai faffaɗan kai za ka sa, irin AN526, saka masa woshar roba fara a ƙasa. Idan mai nitsewa kake so, AN507 mai kusurwa 100, to haɗa shi da woshar Tinnerman, wadda take kamar ƙaramin faranti mai kwari a tsakiya. Ita ce za ta ɗauki gugar, ta baza matsin a fili mai faɗi. Rarake gurbin daidai yadda kwarin woshar zai zauna, da abin rarakewa mai yashi irin na Perma-Grit ko tsohon da ka sallama wa faiba. Bayan nan ɗiga ɗanyen ifoksi ko gam mai ruwa mai saurin kamawa a cikin gurbin, ya jiƙa zaren ya taurare, ka sake bi da bakin huda.

Ɗaurin ƙarshe da hannu ake yi. Sa dukkan sukurorin su kama zare tukuna, sannan ka bi su kana matsewa har wosha ta zauna, ka tsaya.

Rigar taya da murfin wutsiya

Waɗannan biyu suna da nasu sharaɗi. Rigar taya a sama take aiki, don haka a siffar tashi ake saita ta: ɗaga jirgin a jak har nauyi ya bar ƙafafu, daidaita shi da ma'aunin ruwa yadda zanen ya ce, ka saukar da layin tsakiyar jirgi a ƙasa da zare mai dalma, ka auna hancin rigar da wutsiyarta daga wannan layi. Rigar da ta karkace tana jan jirgi gefe kamar ƙaramar wutsiya, matuƙi ya yi ta taka feda bai san dalili ba. Haka ma murfin sandar ƙafa, shi ya ma fi tasiri. Bar tazarar da yatsa zai shiga sakayau tsakanin taya da bakin rigar ta ko'ina, domin taya tana bajewa idan jirgi ya dira da ƙarfi, kuma idan ta kama bakin rigar, yaga ta za ta yi. Duba tazarar bayan ka sauke jirgin da nauyinsa. Kada faiba ta matsi birki, yana zafi sosai. Huda ƙaramin rami a can ƙasa don ruwa ya fita.

Murfin wutsiya kuwa yana zaune kusa da sassan da ke motsi. Bayan ka ɗaure shi, kaɗa sandar tuƙi gaba da baya har ƙarshe, taka feda dama da hagu har ƙarshe, wani yana tsaye a baya yana kallo yana saurare. Kada a sami inda ya gogi wani abu, kuma tazarar ta kai aƙalla 1/8 na inci, fiye ma idan da hali. Ka kuma tambayi kanka: idan sukuru ɗaya ya faɗi a sama, ina wannan bakin zai lanƙwasa? Idan amsar ita ce cikin hanyar abin da ke motsi, ƙara sukuru a wurin.

Daga nan sai ka manna siririn tef mai santsi na hana guga a cikin bakin murfin ko a jikin jirgi, don faiba tana cin fenti da alminiyam a hankali. Rubuta "dama" ko "hagu" a cikin kowane murfi, ka ware wa kowanne jakar sukurorinsa, musamman idan tsayinsu ya bambanta. Auna nauyin murafan ka shigar a lissafin nauyi da daidaiton jirgi. Bayan tashin farko da su, bi sukurorin ɗaya bayan ɗaya da sukundireba, ka shafa bakin murfin da yatsa. Baƙin gari a gefen sukuru alamar motsi ce, farin layi a bakin rami kuma farkon tsaga ne. Cire murfin a ranar ka gyara zamansa kafin ka sake tashi.